Memwar da Aka Raba

Yayana yana da butik, wato shago, a Madawa, can bayan tasha, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba. Bidiyon biki da suna yake ɗauka, ya dawo ya zauna ya yanke ya haɗa, ya ɗora kiɗa, ya zuba wa mutane a faifai. Mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Inna, shi ne na fari, ni ce auta. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana. Da na bar lakwal, wato makarantar boko, yaya ya ce in zo gari in riƙa buga wa mutane takardu a butik ɗinsa maimakon in zauna ƙauye ina daka. Babu wanda ya ƙi sai Bappa, ƙanen babanmu, mai fataucin albasa. Ya yi gunaguni har ya gaji ya bari.

A wurin yaya na koyi ordinata, abin da 'yan Najeriya ke ce wa kwamfuta. Kuma a wurinsa na koyi haƙuri da mai surutu, don wallahi bakin yaya ba ya rufuwa. Kullum da safe sai ya jona mikro wai yana gwadawa, ya danna ɗauka, ya kama zuba. Yau ya kwaikwayi Bappa yana ciniki, gobe ya kwaikwayi Inna tana kiran awaki, jibi ya rera waƙa da muryarsa mai kama da ta jaki mai mura. In ce masa, “Yaya, don Allah ka bar mu mu ji da zafin gari.” Ya ce, “Tsaya, mikro bai yi ɗumi ba.” Ba ya goge ko ɗaya, ƙyuya ba ta barinsa. Duk suna nan jibge cikin na'urar, tare da bidiyon aurensa da ni na ɗauka da hannuna, wanda kullum yake cewa gobe zai zuba a faifai.

Na'urar ce ta fara ba shi wahala. In ya ɗora bidiyo mai nauyi sai ta riƙa sarƙewa, amarya ta ɗaga ƙafa ta tsaya a haka, a jira ta sauke. Ya yi ta masifa, daga baya ya aika Yamai aka sayo masa bareti biyu. Bareti wani ɗan siririn allo ne kore, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, da haƙora masu ruwan zinariya a gefe ɗaya. Sunansa na biyu memwar. To, wannan sunan ne ya ja mana abin da ya ja mana.

Ranar da zai sa su ranar kasuwa ce. Inna da Bappa sun shigo gari daga ƙauyenmu da ke hanyar Sabon Gida. Inna ta zo da fura a ƙwarya, Bappa kuma ya zo a zuba masa wa'azi a waya. A lokacin memwar guda ɗaya mutane suka sani: ɗan katin nan da bai kai farce ba, wanda ake cusa wa waya a cika shi da waƙoƙi da hotuna. Wayoyinmu duk masu maɓalli ne, babu wanda ke aika wa wani murya.

Bappa ya tarar da na'ura kwance a buɗe bisa tebur, ya leƙa, ya ce, “Mi kake yi mata?”

Yaya ya ce, “Memwar nike ƙara mata, Bappa.”

Bappa ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane, ya shafa aljihun da wayarsa take.

Inna kuwa ta zauna bakin ƙofa ta juya mana baya tana kallon titi. Yaya ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya sha fura sai ta ce da ni, “Ke, gaya wa wancan fura na tsami.” Shi kuma don tsokana sai ya ɗaga murya ya ce, “Ke, gaya wa Inna wancan ya gode.” Haka suka yi zamansu tun ina yarinya.

Yaya ya zare wayar wuta, ya sa na taɓa ƙarfen jikin na'urar tukun, wai kada wutar jikina ta ƙona masa kaya. Ya ce, “Zo ki sa da hannunki. Ki riƙe ta gefe, kar ki taɓa haƙoran.” A jikin babban allon da ke ciki, wanda suke ce wa uwa, akwai ramu huɗu dogaye a jere: baƙi, shuɗi, baƙi, shuɗi. Ya cire tsohuwar bareti ya ajiye. Na buɗe 'yan maƙallan da ke bakin ramin, na daidaita tsagar da ke tsakanin haƙoran da ɗan tudun da ke cikin ramin, don fuska ɗaya kawai take shiga, na danna da manyan yatsuna biyu har maƙallan suka ce ƙas. Na ɗauki ta biyu zan sa a ramin da ke manne da na farko. Ya buge mini hannu.

“Ke! Wa ya ce ki yi musu maƙwabtaka? Tsallake guda. Shuɗi da shuɗi.”

Na ce, “Rami ai rami ne.”

Ya ce, “In kin manna su, na'ura za ta tashi, amma hanya guda za su riƙa bi, wagga na jiran waccan. In kin tsallake, kowace da tata hanya, tare suke ja. Shi ya sa anka sayo su cikin kwali guda, girma guda, gudu guda. Sai su biyu suke aiki yadda ya kamata.”

Daga bakin ƙofa, ba tare da ta waiwayo ba, Inna ta ce wa titi, “Awa shanun huɗa.” Wato kamar shanu biyu masu jan garma tare.

Yaya ya yi tsalle ya ce, “Ke, gaya wa Inna ta hi ki kai!” Muka yi dariya har da Bappa. Ashe tana jin kome, baiwar Allah. Ta yi shekaru tana kallon titi tana sauraronsa.

Wata rana daban, muna mu biyu, ya yi mini bayanin da babu wanda ya ji sai ni. Ya ce bareti ba ta ajiye kome. Faifan tankaɗe ce: a zuba, a yi aiki, a juye. Da an ɗauke wuta ta zama wayam. Rumbun na'ura shi ne diski, wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure da noti a ƙasa. Duk hoto da duk murya can suke kwana.

Na yi aure aka kai ni Keita, inda mijina ke koyarwa. A daminar da ta biyo baya yaya ya je ɗaukar suna wajen Buza. Da zai dawo ya tarar ƙorama ta kawo ruwa daga tudu. Mutane suka ce ya jira, ya ce ya san wurin. Ruwa ya tafi da shi da babur da kamara da waya. Washegari aka same shi can ƙasa, maƙale jikin wata bagaruwa. Ba zan tsaya kan wannan ba, har yau in na tsaya ba na iya tashi.

Matarsa tana da ciki, don haka aka ce ba za a raba gado ba sai ta haihu. Mai ɗakin butik ya nemi ɗakinsa, Bappa ya kwashe kayan butik a amalanke ya kai gidansa ya kulle. Tun a zaman makoki na durƙusa gabansa na ce, “Bappa, na'urar nan kar a taɓa ta sai na zo. Muryar yaya na ciki.” Ya ce, “An ji.” Na tashi da sanyin zuciya, wai na faɗa wa babba.

Aka haifi ɗiya mace. Lokacin cirar albasa aka kira mu rabon gado. Maza suna zaure da malam, mu mata muna tsakar gida bisa tabarmi. Can sai ga Bappa ya shigo yana gyara babbar riga, da 'yan ƙulli biyu na takarda a hannu. Ya tsaya tsakiyarmu ya yi gyaran murya, fuskar nan cike da jin daɗin kansa.

Ya ce, “Na'ura ba ta rabuwa, malam ya ce a sayar a raba abin da anka samu. Mai saye na zaure, daga Buza ya taho. Amma ni na ce abin da ke ciki na marigayi ne, ba na kasuwa ba. Na sa an hidda memwar. Allah da ikonai, biyu ce. Guda ta uwatai, guda ta matatai ta aje wa marainiya. Wagga ba ta shiga rabo.”

Mata suka ɗauki sa albarka. “Allah shi biya ka.” “Kai, wanga mutum ya yi tunani.” Inna ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Matar yaya ta karɓi tata ta manna a ƙirji ta fashe da kuka.

Ni kuwa na leƙa ƙullin Inna, na ga baretin nan ce da na sa da hannuna. Na ce, “Bappa, babu komi cikinsu.”

Ya ce, “Mi?”

Na ce, “Wallahi babu komi. Hotuna da murya suna cikin diski, yana jikin na'urar. A ba ni abin kwance noti in hidda shi, yanzu-yanzu, ko fura ba za ta yi tsami ba na gama.”

Ya ce, “Da kunnena na ji marigayi ya ce memwar. Ga tawa nan cikin waya, wa'azi cike. Ke kin hi shi sani?”

Na ce suna ne ya zo ɗaya, aiki ba ɗaya ba. Na yi bayani, na sake yi, ina haɗa Faransanci da Hausa, muryata na hawa. Ya ce an riga an gama ciniki, ba za a kwance wa mutum kaya bayan an sallama masa ba. Sai na ce, “To a sa ta cikin rabona. Na yafe komi, a ba ni na'urar.”

Bappa ya tafa hannu ya ce, “Ahaf! Yanzu munka ji magana.”

Kun ji fa. Nan take tsakar gida ta ɗauka. Wata gwaggo ta ce dama tun yana da rai idona na kan butik ɗin. Wata ta ce 'yan lakwal ba su da ta ido. Ni da na wanke masa kaya, na share masa butik, na sha surutunsa shekara da shekaru, ni ce yau mai kwaɗayin gadonsa. Na juya wajen Inna ko za ta ce wani abu. Ta ce, “Ke, yi shiru. Bar ni da abina.”

Na ji an tayar da babur a waje. Na miƙe na ruga ƙofar gida, gyale a hannu. Ga na'urar an ɗaure ta da roba a bayan babur, an yafa mata buhu. Na ƙwala ihu, “Malam, kar ka goge! Don Allah kar ka goge!” Mijina ya fito daga zaure ya sha gabana, ya ce a hankali, “Kin ba ni kunya. Koma ciki.” Babur ya yi gaba.

Na so in bi ta washegari. Mijina ya ce a bari hankali ya kwanta, kada a ce shi ya zuga ni. Na roƙa, na yi fushi, na ƙi girki. Sai da aka kwana biyu sannan ya ce in je. Na hau motar kasuwa zuwa Buza, na yi ta tambaya har aka nuna mini butik ɗin. Mutumin sana'arsa zuba wa mutane waƙa da fim a waya. Tun daga ƙofa na gane na'urar, ga tabon fenti a gefenta inda na taɓa ɗora kwalbar jan farce. Tana ta aiki, wani fim ɗin Indiya na rawa a fuskarta.

Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sosa ƙeya ya ce, “Ayya, hajiya. Ai ran da na kawo ta na wanke ta tas, na zuba nawa.”

Na ce, “Ba ka ji ina ihu ba?”

Ya ce, “Na ji. Tsohon ya ce zafin rasuwa ne.”

Na ce, “Wa ya cire baretin?”

Ya ce, “Ni. Ya ce in nuna mishi memwar, na nuna mishi.”

Na ce, “Kai da ka san babu komi ciki, ba ka gaya mishi ba?”

Ya buɗe hannuwa ya ce, “Bai tambaye ni ina hotuna suke ba. Memwar ya ce.”

Ɗan banza! Allah ya isa tsakanina da shi, na faɗa masa a gaban mutanensa kuma ban janye ba. Duk da haka ya bar ni na zauna na bincika. Na buɗe kowane lungu. Fim bisa fim, waƙa bisa waƙa, ya cika diskin har wuya. Yanzu ina jin ana cewa a manyan birane akwai masu tono abin da aka goge, in ba a zuba wani abu a kai ba. Shi ya zuba. Da zan fita ya biyo ni bakin ƙofa, ya rage murya ya ce in baretin nan biyu suna hannuna yana so, don 'yan kwali ɗaya ne, irinsu wuyar samu gare su, guda ɗaya da ya sa mata ba ta ja sosai. Ban san lokacin da na tofar da yawu a gabansa ba.

Na bi gidajen da ya yi wa aiki a Madawa ina aron faifan bikinsu, ko zan tsinci muryarsa yana cewa a matsa, a gyara tsayuwa. Ina! Yaya mai tsabtar aiki ne, duk ya rufe da kiɗa. Fuskarsa ma babu, kullum yana bayan kamara. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne na katin ɗan ƙasa, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da akuyar sata, shi da ba ya minti ɗaya bai yi dariya ba.

Na je ƙauye na zauna gaban Inna na gaya mata gaskiya, ban rage kome ba. Na ce an goge, ya tafi, abin da ke hannunta fanko ne. Ta saurare ni har na gama. Ta kwance bakin zanenta ta fito da baretin, ta naɗe ta cikin ƙyallen farin yadi. Ta ce, “Ba don babu komi ba ne. Don an raba su ne. Shi da bakinai ya ce sai su biyu suke aiki.”

Na ce, “Inna, ba haka yake nuhi ba.”

Ta ce, “Ina zaune ya hwaɗi. Ko za ki ce ban ji ba?”

Ta ji. Kalma ɗaya ba ta ƙara a kan abin da ya faɗa ba.

Daga nan sabuwar fitina ta tashi. Matar yaya ta koma gidan iyayenta a Allakaye da jaririya da tata baretin. Inna ta aika a karɓo aro. Matar yaya ta ce ta marainiya ce, tana ajiye mata sai ta girma ta ji muryar ubanta, ba za ta ba da ita a bi mota da ita ta ɓata ba. Inna ta sake aikawa. Aka sake ƙi. Inna ta aika da magana mai zafi, aka mayar mata da wadda ta fi ta. Mata biyu da suka zauna gida ɗaya lafiya lau, ko sa-in-sa ba su taɓa yi ba, suka koma ba a ambatar ɗaya gaban ɗaya. Aka daina kawo yarinya. Aka yi salla, aka sake yin wata, Inna ba ta ga jikarta ba, ita kaɗai ke gare ta daga wajensa. Yarinya ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi baki, duk a labari muke ji.

Na ɗauki ƙafa na je Allakaye da kaina. Matar yaya ta karɓe ni da kyau, ta dama mini fura. Na ce, “Yaya, ki ji tsoron Allah ki yarda da ni. Babu komi cikin abin nan. Kuna ɓata zumunci a kan fanko.”

Ta dube ni ta ce, “In babu komi, don mi kuke ta aikowa?”

Na ajiye ƙwaryar na yi mata sallama. Na dawo ina zagin kaina da hanya da direba da duk wanda ya fara kiran abu biyu da suna ɗaya.

Bappa kuwa ko a jikinsa. Har yau in zancen yaya ya taso a majalisa sai ya ce shi ne ya tsamo memwar marigayi daga hannun 'yan kasuwa. Na taɓa tare shi na ce, “Bappa, an goge komi, na gani da idona.” Ya ce, “An goge na ƙarhe. Na memwar na nan.” Ya je Makka ya dawo, muka je barka da sauka, na durƙusa na gaishe shi, ya ba ni dabino da zamzam. Na karɓa na ce Allah ya karɓi ibada. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Ana haka idon Inna ya fara hazo, ya zo ya rufe kusan duka. Ta daina zancen hotuna, sai murya. In na je gaishe ta sai ta ce, “Ke, ƙaƙa ma yake cewa in yana kwaikwayona?” In gwada, ta ce a'a, ba haka ba. In sake, ta ce ban iya ba. Wata rana ta ce da ni, “Na hwara mance ta. In na nemo ta cikin kaina sai in ji ta ubanku.” Ranar na shiga bayan ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ni a lokacin na buɗe ɗan wurin buga takardu a Keita, da wata tsohuwar na'ura da na saya hannu, sa'ar ta yaya, ramukanta iri ɗaya. Wata safiya ina share ƙofa sai ga mota ta tsaya. Aka sauko da Inna ana riƙe da hannunta. Mai riƙe da ita matar yaya ce. A bayansu ga yarinya, ta isa shiga lakwal, an yi mata kitso sabo da lalle, an sa mata rigar salla da takalmi mai ƙara. Goshinta na yaya ne sak.

Ashe yarinyar ce ta fara tambaya. Ta ga sa'o'inta da ubanninsu, ta matsa wa uwarta, wai nata uban wace irin murya gare shi. Uwar ta gaji, ta haɗiye fushinta, ta ɗauke ta suka je wurin Inna. Aka yi kuka aka yafi juna, suka kwana ɗaki ɗaya, da safe suka kamo hanyar Keita. Babu wanda ya gaya mini suna tafe.

Na shimfiɗa musu tabarma cikin butik. Inna ko ruwa ba ta sha ba ta kwance bakin zane. Matar yaya ta fito da tata daga cikin wani gwangwanin turare. Suka ɗora mini su a tafin hannu, ɗaya bisa ɗaya. Inna ta ce, “Ga su, sun haɗu. Sa su.”

Na ce, “Inna, na gaya muku…”

Ta ce, “Kin gaya mana. Sa su.”

Matar yaya ta ce, “Don Allah, ƙanwata. Mun yi nisan tahiya.”

Na dubi yarinya, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta haɗa hannuwa bisa cinya kamar yadda ake koya wa yara zama gaban baƙo. Haushi ya taso mini, na rasa wanda zan sauke wa. Na kashe na'ura, na kwantar da ita, na buɗe. Na cire tawa baretin. Na hure ƙurar ramukan, na goge haƙoran nasu da gefen gyalena, don na Inna sun dushe da gumin jiki. Har ga Allah na yi fatan sun lalace, na'ura ta ƙi tashi, in ce musu zafi ne ya kashe su, kowa ya tafi da abin da zai riƙe. Na sa ta farko, na tsallake rami, na sa ta biyu. Suka zauna daram.

Na danna. Fanka ta juya, na'ura ta yi ƙara ɗaya, fuska ta kawo haske. Lafiyarsu ƙalau. Tun da na sayi na'urar nan ban taɓa ganin ta tashi da sauri irin na ranar ba.

Matar yaya ta matso da gwiwa tana kallon fuskar. Babu kome sai takardun mutanen Keita da na buga: neman aiki, sanarwar ɗaurin aure, jarrabawar 'yan aji shida. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta dube ni. Na girgiza mata kai. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa, amma ba ta bari sauti ya fita ba.

Inna ba ta ga wannan ba. Ta karkato da kunne wajen da ta ji ƙarar fanka, ta laluba ta kamo hannun yarinya ta jawo ta jikinta. Ta ce, “Ta tashi?”

Na ce, “Ta tashi, Inna.”

A waje wani mai amalanke na yi wa jakinsa tsawa.

Ta ce, “Ƙara murya. Kunnena ya yi nauyi.”

Na kai hannu kan lasifika na murɗa har ƙarshe. Ta ɗauki wani siririn huci, shuuu, irin wanda take yi in babu abin da ke tafiya. Yarinya ta buɗe baki za ta yi tambaya, Inna ta sa tafin hannu ta rufe mata shi, ta ce, “Yi shiru. Za shi yi magana.”